Shanyewar ɓarin jiki a Damagaram: Yadda sa'o'in farko ke salwanta tsakanin gida da asibiti

Daga Tanut zuwa birnin Damagaram tafiyar kusan kilomita 150 ce. Daga Gure ta ɗara haka kaɗan. Daga Magarya ko Matamai ba ta kai kilomita 100 ba, amma sai an samu mota, an zuba mai, an kuma haɗa kuɗin da za a je gaban likita da su. Wanda ya fito daga Tesker kuwa, can bakin Sahara, lissafinsa na yini ne.

Ga mai ciwon da zai iya jira, wannan nisa wahala ce kawai. Wanda jijiyar jini ta toshe masa a ƙwaƙwalwa ba shi da wannan sarari. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, mutum yana rasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 a kowane minti har sai an buɗe ta.

Wannan ce cutar da ake kira shanyewar ɓarin jiki, wasu su ce mutuwar ɓarin jiki, a takardun asibitocin Nijar kuma a rubuta ta AVC. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun sa ta cikin cututtuka uku da suka fi kashe mutane a duniya. Kusan mutum miliyan 12 take kamawa duk shekara, kuma ana ƙiyasta cewa cikin mutum huɗu da suka haura shekara 25, ɗaya zai gamu da ita kafin ya bar duniya.

A jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ita ce mafi yawan jama'a a Nijar da mutum sama da miliyan 3 da rabi, yawancin abin da ke yanke wa mara lafiya hukunci yana faruwa ne tun bai taka ƙofar asibiti ba. Akwai shekarun da ya yi ba a taɓa auna masa jini ba, akwai kuma sa'o'in da ya yi kwance a tsakar gida ana shawara.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jinin, biyu ta gaban wuya, biyu ta ƙeya, sannan su rarrabu a cikin kai kamar rassan itace.

Cutar iri biyu ce. Akwai ta toshewa, inda gudan jini ke tare ɗaya daga cikin rassan nan, sashen da reshen ke shayarwa ya rasa jini. Akwai kuma ta fashewa, inda jijiyar ke tsagewa jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Ta toshewa ta fi yawa ko'ina a duniya, kuma a kanta wannan rahoto ya fi mayar da hankali.

A tsakiyar wurin da jini ya yanke, ƙwayoyi na mutuwa cikin mintoci. Amma a kewayensa akwai yankin da ke samun ɗan jini ta ƙananan hanyoyi na gefe. Ya daina aiki amma bai mutu ba, kamar geron da ya yi yaushi yana jiran ruwa. Idan jini ya dawo da wuri zai farfaɗo, idan ya yi jinkiri shi ma ya bi sahu. Duk gaggawar da likitoci ke yi saboda wannan yanki ne.

Sashen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma ya sarrafa hagu. A yawancin mutane cibiyar magana tana hagu, shi ya sa wanda hannunsa na dama ya shanye ya fi yawan rasa magana.

Daga ina toshewar take zuwa?

Hanyoyi uku ne suka fi yawa. Ta farko, kitse ya yi shekaru yana taruwa a bangon manyan jijiyoyin wuya da na kai, har wata rana bangon ya tsage, jini ya daskare a wurin. Ta biyu, ƙananan jijiyoyin da ke can cikin ƙwaƙwalwa su yi kauri su tsuke, galibi saboda hawan jini ko ciwon suga. Ta uku, gudan jini ya haɗu a cikin zuciya, ya ɓalle, ya bi jini har ya maƙale a kai. Wannan na faruwa ga masu bugun zuciya mara tsari, wanda ke ninka haɗarin kusan sau biyar, da masu lalatattun ƙofofin zuciya, da waɗanda zuciyarsu ta kumbura ta yi rauni.

Bincike mafi girma da aka yi kan cutar a Afirka ta Yamma shi ne SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa. An gudanar da shi a asibitoci 15 na Ghana da Najeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka wallafa sakamakonsa a 2018. Kano ba ta fi kilomita 250 daga Damagaram ba, tuwo ɗaya ake ci, miya ɗaya ake sha, don haka sakamakon ya shafi mutanen Birni da Zango kamar yadda ya shafi na Fagge.

Cikin marasa lafiya 2,118 da aka duba, kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Matsakaicin shekarunsu 59, kuma kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba. Hawan jini ne ya zo kan gaba da tazara mai nisa: masu binciken sun danganta kusan kashi 90 cikin 100 na cutar da shi. Sauran abubuwan da suka lissafa sun haɗa da yawan kitse a jini, ciwon suga, teɓa, ciwon zuciya, shan taba, rashin motsa jiki, damuwa, cin nama kullum, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da ƙarancin cin ganye.

Matsalar hawan jini ita ce ba ya sallama. Mutum zai yi shekara goma da shi yana zuwa kasuwar Dole yana dawowa, ba ciwon kai ba jiri. WHO ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ya shawo kansa. Iyakar da ake dubawa ita ce 140 bisa 90, wadda a Nijar aka saba faɗa tansiyo 14 bisa 9. Wanda aka auna a ranaku daban-daban aka samu nasa ya kai haka ko ya wuce, yana da hawan jini ko da yana jin kansa garau.

Gishiri, kanwa da dunƙule

Damagaram ta daɗe da sanin gishiri. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, ayarin gishiri da kanwar ƙasar Manga na cikin abubuwan da suka ɗaga birnin, suna ratsa shi zuwa Kano. Yau kuma gishirin ya shiga tukunya ta ƙofofi uku: na gari, dunƙulen ɗanɗano, da kanwa. Dukansu suna ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda yawansa ke tayar da jini.

Shawarar WHO ita ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule, burodi, yaji, kilishi da abincin gwangwani. Ganyen da binciken SIREN ya nuna yana kariya kuwa ba sai an yi odarsa daga waje ba. Zogale, rama, yakuwa, alayyaho da tafasa suna nan a kasuwa, kuma garakan Mirya da Matamai ba su daina fitar da kayan lambu ba.

Ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne

Yaro mai amosanin jini, wato sikila, yana iya shanyewa tun yana shekara biyar. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan kashi 11 cikin 100 na masu nau'in SS suna gamuwa da cutar kafin su cika shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. Akwai gwajin da ake ɗora na'ura a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ke nuna yaron da ke cikin haɗari tun bai faɗi ba. Wani bincike da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, aka wallafa a 2022, ya nuna ƙwayar hydroxyurea da ake sha kullum na iya kare irin waɗannan yara a inda ƙarin jini duk wata ke da wuya. A Nijar akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila a Yamai, kuma iyaye na da damar tambayar likitan ɗansu game da wannan gwaji.

Mai jego ma tana cikin layi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton yawan raunin zuciya bayan haihuwa a tsakanin matan Hausawa, daga baya aka samu irin haka a Yamai. Zuciyar da ta yi rauni tana tara gudan jini. Macen da ta haihu ta fara haki, ƙafafu suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, asibiti take buƙata, ba ƙarin kunun kanwa ba. Haka wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki, ya kamata a ci gaba da auna ta bayan suna.

Sai matashin da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wanda ba a yi masa magani ba, ya lalata masa ƙofofin zuciya. Sai mai shan taba ko shisha. Sai macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu alhali tana da hawan jini ko tana shan taba, wadda ya kamata ta gaya wa ungozoma don a sauya mata wata hanya.

Fuska, hannu, magana

Babbar alamar cutar ita ce zuwa farat ɗaya. Mutum na alwala buta ta suɓuce masa, ko yana cikin hira harshe ya karye. Abu uku kowa zai iya dubawa cikin minti ɗaya.

Fuska: a ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙora, a ga ko baki ya karkace gefe guda.

Hannu: a ce ya ɗaga hannuwa biyu ya riƙe, a ga ko ɗaya na sauka da kansa.

Magana: a ce ya faɗi sunansa da na unguwarsu, a ji ko maganar ta dagule, ko yana faɗin abin da ba shi da ma'ana, ko bai gane abin da aka ce masa ba.

Ko ɗaya daga cikin ukun aka gani, ya isa a tafi asibiti nan take. Akwai kuma ɗaukewar gani a ido ɗaya ko ganin abu biyu-biyu, jiri mai hana tsayuwa, tangaɗi, da matsanancin ciwon kai da mutum bai taɓa jin irinsa ba.

Abu na huɗu shi ne a duba agogo. Likita zai tambayi lokacin ƙarshe da aka ga mara lafiyar lafiya lau, domin daga nan ake fara ƙirga. Kusan ɗaya cikin biyar na masu toshewa da ita suke farkawa daga barci. Wanda ya kwanta lafiya bayan isha'i aka tarar da shi ya shanye da asuba, lissafinsa daga isha'i yake farawa.

Wani lokaci alamun kan zo su tafi cikin mintoci, hannu ya mutu ya dawo, magana ta ɗauke ta dawo, sai a yi hamdala a ce gajiya ce. Likitoci na ɗaukar wannan a matsayin gargaɗi, domin haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwanaki biyun da ke biye. Wanda haka ta same shi, ranar ya kamata ya ga likita.

Inda sa'o'in ke tafiya

Ciwon da ya kayar da mutum ba zazzaɓi ba rauni, ya karkatar masa da baki, ya ɗauke masa magana, ba abin mamaki ba ne a ce iska ce ta buge shi, ko shafar aljanu, ko jifa. Sai a kira mai ruƙiyya, a yi hayaƙi, a kawo rubutu. Wani gidan a kira wanzami ya yi ƙaho. Wani kuma a jira maigida ko babban wa ya dawo, ko a same shi a waya, kafin a yanke shawarar fita da mara lafiya. Kafin a ankara rana ta faɗi, a ce sai da safe.

Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Abin da ke da haɗari shi ne duk abin da za a ɗura a baki. Da yawa daga cikin waɗanda suka shanye ba sa iya haɗiya daidai a kwanakin farko. Ruwan rubutu, fura, kunu ko shayi na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe su a makonnin farko.

Akwai saƙon da ya daɗe yana yawo a WhatsApp cewa a soka allura a yatsu ko kunnen mara lafiya a matse jini. Ba shi da tushe a likitance, lokaci kawai yake ci. Haka ba shi asfirin a gida: idan jijiya fashewa ta yi, asfirin na iya ƙara zubar jinin, kuma da ido ba wanda ke iya bambanta toshewa da fashewa, ko da likita ne. Haka nan saka masa ƙwayar hawan jini a ƙarƙashin harshe don jinin ya sauka da sauri. A sa'o'in farko jiki kan tayar da jini da gangan don ya tura shi zuwa yankin da ya yi yaushi, faɗuwarsa kwatsam na iya ƙarasa yankin.

Abin da ya dace a gida kaɗan ne. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga kansa, a sassauta masa tufafi, kada a ba shi komai ta baki, a kwashi magungunan da yake sha a tafi da su. A cikin birni ana iya kiran 'yan kwana-kwana a lamba 18, ko a ɗauki duk motar da ta samu. Kada a ɗora shi a kabu-kabu in akwai wata hanya.

Me likita ke nema?

Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram shi ne maƙurar turawa a jihar, har daga Diffa da Agadas ana kawo masa marasa lafiya, kuma a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar André Salifou ke koyon aiki. Ga wanda ke ƙauye, asibitin da ya fi kusa shi ne matakin farko: a auna jini da suga, a rubuta takardar turawa, a wuce ba tare da an kwana ba.

Awon suga na cikin abubuwan farko, domin faɗuwar suga na iya kwaikwayon shanyewa, kuma tana warkewa cikin mintoci idan aka gano. Akwai kuma shanyewar jijiyar fuska kaɗai, wadda ke karkatar da baki ta hana rufe ido amma ba ta taɓa hannu da ƙafa. Likita ne zai tantance.

Daga nan sai hoton ƙwaƙwalwa da na'urar sikana. Iyalai kan yi ƙorafi idan aka ce hoton bai nuna komai ba bayan sun biya kuɗi. A sa'o'in farko toshewa ba ta cika fitowa a sikana ba, amma jinin da ya zuba yana fitowa fari ƙal nan take. Hoton da bai nuna jini ba ya riga ya ba likita amsar da yake nema: toshewa ce, ana iya fara maganinta. Bayan haka ana awon bugun zuciya, hoton zuciya da na jijiyoyin wuya, da gwajin kitse da ƙoda, don a san inda gudan jinin ya fito.

Maganin da ke da wa'adi, da wanda ke hannu

Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, alteplase, wadda aka amince da ita a Amurka a 1996. Wani bincike na Turai a 2008 ya nuna tana amfani har zuwa awa huɗu da rabi daga fara alamu, kuma a 2019 WHO ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna. Ba a yin ta sai an ɗauki hoto an tabbatar babu zubar jini. Tun daga 2015 kuma aka tabbatar da amfanin zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa kai a zaro gudan jinin, cikin awa shida, ga wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya har awa 24.

A yawancin asibitocin Afirka kudu da Sahara waɗannan biyun ba sa samuwa a kai a kai, saboda tsada, ƙarancin ƙwararru, da kuma isowar marasa lafiya a makare. Yamai na da nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram, tafiyar da ta ninka wa'adin allurar. Iyalin da ke tunanin ɗaukar mara lafiya kai tsaye zuwa Yamai ko Kano a ranar farko, gara su fara tsayawa inda za a duba shi a daidaita shi.

Rashin allurar ba ya nufin zuwa da wuri bai da amfani. Manyan bincike biyu da aka wallafa a 1997, ɗaya a China, kan marasa lafiya kusan 40,000 gaba ɗaya, sun nuna fara asfirin cikin awa 48 bayan hoto yana rage mutuwa da sake shanyewa. Ga mai ƙaramar toshewa likita kan haɗa shi da clopidogrel na mako uku. Sannan akwai kulawar da ba ta buƙatar na'ura mai tsada amma an tabbatar tana ceton rai: gwada haɗiya kafin a ba da abinci, saka robar abinci ta hanci idan ta kama, sauke zazzaɓi, daidaita suga, ƙarin ruwa, juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da tayar da shi zaune da zarar likita ya ba da izini.

Batun kuɗi na cikin abin da ke sa a yi jinkiri. A watan Agustan 2024 gwamnatin Nijar ta sanar da rage rabin kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje, hotuna da kwanciya a asibitocin gwamnati daga 1 ga Satumba. Duk da haka kuɗin mota, magani da abincin masu jinya na kan iyali.

Bayan sallama

Mafi yawan sauƙin da mai shanyewa zai samu yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko, kuma da atisaye yake zuwa. Likitan motsa gaɓɓai, wanda a Nijar ake kira kine, zai nuna wa iyali yadda za a miƙe hannu da ƙafa kullum don kada su ƙage. Tausayin da ke sa a yi wa mara lafiya komai yana mayar da shi baya. A bar shi ya gwada riƙe cokali, ya gwada saka hula, a riƙa yi masa magana a hankali ana jiran amsarsa. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye wajen tayar da shi, kafaɗar na iya gocewa.

Kusan ɗaya cikin uku na fama da ƙuncin rai bayan cutar. Magidancin da jiya ke ciyar da gida yau ana kai shi ban ɗaki, idan ya daina cin abinci ko ya riƙa kuka, wannan ma abin gaya wa likita ne, yana da magani.

Cutar kuma tana dawowa. A Amurka kusan ɗaya cikin huɗu na masu shanyewa sun taɓa yi a baya. Maganin hawan jini, na rage kitse da na hana daskarewar jini na har abada ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sha na wata ɗaya, a ji sauƙi, a ajiye. Da azumi ma ba a dainawa, likita ne zai sauya lokutan sha. Kuma a kantin magani mai rajista ake saye, ba a farantin mai talla da ya yini a rana ba.

Ga wanda ke nesa da gida

Dubban 'yan Damagaram na neman na kansu a Kano, Legas, Agadas, Aljeriya, Libiya da Turai, kuma sau da yawa su ake fara kira idan tsoho ya faɗi, domin su ne masu turo kuɗi. Wannan kira na iya zama inda ake ɓata awa uku, yana kuma iya zama inda ake ceto su.

Idan kiran ya zo, a nemi a mayar da shi na bidiyo, a ga fuskar, a sa ya ɗaga hannuwa, a ji maganarsa. A tambayi ƙarfe nawa aka gan shi lafiya. A ce kada a ba shi komai ta baki. A ce su kama hanya yanzu, kuɗin zai tarar da su a asibiti ta Nita ko Al Izza.

Akwai kuma abin da ya fi sauƙi a yi tun lafiya lau. A zaɓi mutum ɗaya a gida, mace ko namiji, a ba shi izini a gaban kowa cewa idan irin haka ta faru ya fita da mara lafiya ba sai ya jira kowa ba. A ajiye lambar mai mota a unguwa ko a ƙauye. A ware 'yan jakunkuna da ba a taɓawa sai don wannan.

Na'urar awon jini ta hannu ba ta kai kuɗin wayar Android ba, kuma ɗan makaranta ma zai iya koyon aiki da ita. Wanda ke aiko da shadda da turare da Sallah zai iya haɗawa da ita, ya nemi a riƙa turo masa hoton lambobin Baba da Inna duk mako. Idan ya ga 14 bisa 9 ko sama da haka sau biyu ko uku, ya sa a kai su asibiti, ya kuma ɗauki nauyin maganin wata-wata kamar yadda yake ɗaukar na buhun gero. Shi ma da ke can, idan ya haura shekara 30 bai san tansiyonsa ba, ya nemi inda za a auna shi a wannan makon.